Me ya sa ba a ganin ƙungiyoyin masu sankarar mata a intanet?

Hajiya, kin ce daga nan Katsina kin nemi ƙungiyoyin da ke tallafa wa masu sankarar mama da ta bakin mahaifa, amma ba ki samu ba. Ƙungiyoyin suna nan, irin su Medicaid Cancer Foundation ta Dokta Zainab Shinkafi-Bagudu da Project PINK BLUE da ke Abuja, sai dai yawancin rubutunsu da Turanci ne, shi ya sa binciken da aka yi da Hausa ba ya fito da su. Kunya ma tana hana matanmu bayyana ciwon a Facebook, sun fi sakewa a zauren WhatsApp, inda Google ba ya leƙawa. Ki rubuta sunayen ƙungiyoyin nan kai tsaye a Google, musamman a watan Oktoba, lokacin gangamin wayar da kai kan sankarar mama.