Amsar Kawu: Yaushe Mutum Ke Cewa "Ni Na Yi"?

Ɗana, saƙonka ya iso. Barka da ƙarin girma, Allah ya taya ka riƙo. Ka ce mahaifiyarka ta yi maka faɗa don ka rubuta a Facebook cewa guminka ne ya kai ka wannan kujera, kana tambayar abin da ya hana Bahaushe cewa "ni na yi", alhali a ofishinku na Ikeja wanda bai tallata kansa ba a baya ake barinsa.

Ba a hana ka faɗa ba, wurin faɗar ne ka kuskure. Ka taɓa kallon dambe. Ɗan dambe zai fito da hannu a naɗe, makaɗi na zuga shi, ya ɗaga murya ya yi wa kansa kirari, ya lissafa mazajen da ya kashe, wato ya kayar a fage, kuma ba wanda zai ce ya yi rashin kunya. Dalili, a fage yake, abokin karawarsa na tsaye, in ƙarya ya yi yanzun nan ƙasa za ta ba da shaida. To, ranar da za a tantance ka don neman aiki ko ƙarin girma, fagenka ke nan. Faɗi abin da ka yi dalla-dalla, kada ka sunkuyar da kai kana "ai ba komai". Amma wannan ɗan damben in ya dawo gida aka ce masa ya aka ƙare, cewa zai yi Allah ya ba da sa'a. A cikin dangi ne ake cewa yabon kai jahilci. Kuma ka san masu karanta rubutun nan naka akwai ɗan goggonka da ya gama bautar ƙasa yana yawo da takardu har yau. Shi ma ya yi gumi.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne ma'aunin. Mu a kasuwa ba mu cika cewa wane ya yi nasara ba. Mafi ƙanƙanta, a ce yana da rufin asiri: yana ci da iyalinsa, ba ya roƙo, ba mai bin sa bashi. Kada ka raina wannan, a garin da ake biyan kuɗin haya na shekara a dunƙule. Sama da shi a ce ya yi arziki. Amma wadda dattawa ke jira ita ce "ya yi albarka", kuma ba a faɗinta sai an ga wanda ya ci moriyarka. Je ka kasuwar Mile 12 da asuba lokacin da ake sauke kwandunan tumatir da buhunan albasa. Dillalin da ake girmamawa, in ana maganarsa, ba motocinsa ake ƙirgawa ba. Cewa ake yi wane yaronsa ne, shi ya sallame shi ya ba shi jari, wancan ma a ɗakinsa ya kwana ranar da ya sauka Legas da 'yar jakarsa.

Ko Ahmed Musa, kowa ya san ƙwallaye biyun da ya zura wa Ajantina a 2014 da biyun da ya ci Iceland a 2018, amma hirar majalisa ba ta ƙarewa sai an ambaci kyautarsa da cibiyar wasannin da ya gina a Kano. Masu mulki ma haka. Malam Aminu Kano ya rasu a 1983 bai zama shugaban ƙasa ba, talakawa kuwa har gobe da shi suke auna 'yan siyasa. Nan Legas, Jakande ya yi gwamna daga 1979 zuwa 1983, har yau gidajen da ya gina wa masu ƙaramin ƙarfi da sunansa ake kiransu.

Wajen lafiya kuwa mun fi taka tsantsan. Majinyaci ko yana nishi zai ce "da sauƙi", in ya warke a ce Allah ya tashi kafaɗunsa, mai haihuwa a ce ta sauka lafiya. Ba ma cewa wane ya fi ƙarfin cuta, domin wanda ta tafi da shi ba gazawa ya yi ba. Wannan bai hana zuwa asibiti da shan magani ba.

Ba sai ka goge rubutun ba. Ka gyara shi, ka sa godiya ga Allah da sunan mahaifiyarka, don na san abin da ta sayar ta biya maka kuɗin makaranta. Albashin farko na sabon matsayin kuma ka fitar mata da nata kafin ka taɓa, ka zo Agege ranar Lahadi mu yi maganar ɗan goggon naka.