Ben Feringa: daga kamfanin Shell zuwa kyautar Nobel

Tambaya: Ɗalibar kimiyyar sinadarai ce ni, kuma wani kamfani ya yi mini tayin aiki. Na ji an ce wani ɗan ƙasar Holan ya yi aiki a kamfanin mai kafin ya ci Nobel. Wane ne shi? Aikin kamfani ba ya toshe wa mutum hanyar komawa jami'a?

Amsa: Malama, Ben Feringa ake nufi. Ɗan manoma ne, an haife shi a 1951 a ƙauyen Barger-Compascuum, kusa da iyakar Jamus. Ya kammala digirin digirgir a Jami'ar Groningen a 1978 a hannun Hans Wynberg, sai Shell ta ɗauke shi. Ya yi shekara shida a ɗakunan bincikenta na Amsterdam da na Sittingbourne a Ingila, ya koma Groningen a 1984, ya zama farfesa a 1988. Hanyar ba ta toshe masa ba, amma ki lura: bincike ya je yi a Shell. Da aikin ofis ne, komawar za ta fi wuya.

Abin da ya fito da shi duniya shi ne injin da ya haɗa a 1999, ƙwayar sinadari guda ɗaya mai juyawa da ƙarfin haske. Ɓangare biyu gare ta, wani haɗi mai ninki biyu tsakanin ƙwayoyin kabon ya riƙe su kamar gatari a ƙota. Idan hasken UV, wani haske da ido ba ya gani, ya sauka, ɓangare ɗaya ya karkata; zafi kuma ya tura shi ya wuce inda ba zai iya dawowa baya ba. Haske, zafi, haske, zafi, an yi zagaye cikakke, kullum gefe guda. Matsalar injin na farko ita ce rashin sauri, domin matakin zafin yana jan ƙafa, har sai an ɗumama shi zuwa digiri 60. Shekaru aka kwashe ana sauya fasalin ƙwayar kafin ta kai juyi miliyan 12 a daƙiƙa a 2014.

A 2011 ƙungiyarsa ta haɗa irin waɗannan injina huɗu a matsayin tayoyin wata 'yar mota, ita ma ƙwayar sinadari guda ɗaya, da ta gangara a kan farantin jan ƙarfe. Nan ma akwai tarko: in tayoyin ba su juya gefe ɗaya ba, motar ba ta miƙe hanya. Ya raba kyautar Nobel ta 2016 da Jean-Pierre Sauvage da Fraser Stoddart.