Guterres kafin ya je Majalisar Ɗinkin Duniya

Malam, ka tambaya ko António Guterres, wanda ya zama babban sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya, ya taɓa mulkin ƙasarsa. Ƙwarai kuwa, shi ne firaministan Portugal daga 1995 zuwa 2002, ƙarƙashin jam'iyyar 'yan gurguzu masu sassaucin ra'ayi. Injiniyan lantarki ne ma tun asali. A zamaninsa Portugal ta miƙa wa Sin yankin Macau da take mulka, a 1999, ya kuma matsa wa duniya lamba kan kashe-kashen Timor ta Gabas. Da jam'iyyarsa ta sha kaye a zaɓen ƙananan hukumomi na Disamban 2001, sai ya ajiye mulki da kansa, ba wanda ya tilasta masa. Wannan kam ya burge ni. Daga 2005 ya shugabanci hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya shekara goma.