Amsa ga Hajiyar da ganyen okid ɗinta ya yanƙwane

Wa alaikumus salam, Hajiya. Kin ce an kawo miki tsarabar furen okid, bayan wata biyu furannin suka zube, kika mayar da shi cikin ƙasa da takin shanu, yanzu ganyen ya yi laushi ya yanƙwane alhali kullum kina ba shi ruwa. Na ga wasu sun ce ki ƙara ruwa. Don Allah kar ki ƙara.

Yadda kika kwatanta ganyen, faffaɗa mai kauri, irin okid ɗin da ake kira Phalaenopsis ne, shi aka fi sayarwa. Asalinsa dazuzzukan kudu maso gabashin Asiya ne, irin su Filifin da Indunusiya, kuma can ba a ƙasa yake tsirowa ba. Jikin bishiya yake maƙalewa kamar kauci, sai dai shi ba ya tsotsar komai daga bishiyar, masauki kawai ya nema. Saiwarsa a sarari take, ruwan sama ya jiƙa ta, iska ta busar. Da kika binne ta a ƙasa sai ta shaƙe ta ruɓe, ruɓaɓɓiyar saiwa kuwa ba ta jan ruwa. Shi ya sa ganyen ke nuna ƙishirwa alhali tukunyar jagab take.

Yau ɗin nan ki zare shi, ki wanke ƙasar, ki duba saiwar ɗaya bayan ɗaya. Mai rai tana da tauri, in ta jiƙe ta yi kore, in ta bushe ta koma toka-toka mai ɗan sheƙi. Matacciya baƙa ce ko ruwan ƙasa, in kin matsa ta sai ɓawon ya sulluɓe ya bar wani siririn zare a hannunki. Duk irin wannan ki datse da almakashin da kika goge da sifirit. Ki leƙa ƙarƙashin gindin sosai, sau da yawa akwai dunƙulen gansakuka da masu renonsa suka cusa tun yana ƙarami, shi ke riƙe ruwa a ɓoye. Ki tsintse shi tas. Ko saiwa biyu ce ta rage, akwai sauran rai.

Masu sayarwa a ƙasashen waje da ɓawon itace suke dasa shi, mu nan samunsa aiki ne. Ni gawayi nake haɗawa da ɓawon kwakwa, a fasa su kamar rabin dabino. Ɓawon kwakwar a jiƙa shi kwana biyu zuwa uku ana sauya ruwa, saboda gishirin da ke jikinsa. Tukunya kuma ƙaramar roba mai garai-garai ta fi, ki huda gindinta da gefenta da ƙusa mai zafi. Ba kyau gare ta ba, na yarda, amma ta cikinta za ki riƙa ganin saiwa. In baƙi za su zo sai ki zura ta cikin ta ado.

Ban ruwa ba shi da rana. In saiwa kore ce ki ƙyale shi, in ta koma toka-toka ki kwarara masa ruwa da safe ya tsiyaye duka. Da bazara yakan nema bayan kwana uku ko huɗu, da damina ya wuce mako. Kada ruwa ya kwana a tsakiyar ganye inda sabo ke fitowa, in ya shiga ki tsane da auduga, don ruɓewar wurin nan da wuya take warkewa. Ruwan sama ya fi na burtsatse mai gishiri, wanda ke barin farin busasshen abu a bakin tukunya. Masu cewa a ɗora masa ƙanƙara kuwa, ban ga dalilin yi wa ɗan ƙasar zafi haka ba.

Ki ajiye shi kusa da tagar gabas, bayan labule marar kauri. Ranar Maris da Afrilu tana ƙone ganyensa cikin wuni guda, kuma tabon ba ya gogewa. Yanayin da ya fi so tsakanin digiri 18 da 29 ne a ma'aunin Celsius, don haka ɗakin da ya fi sanyi a gidan shi ne nasa, amma ban da saitin iskar AC. Da hunturu ki riƙa goge ƙurar ganye da jiƙaƙƙen ƙyalle. Hunturun ma yana da ranarsa: sanyin dare na 'yan makonni shi ke sa ya fito da sabon karan fure.

Zubewar furen da ta tayar miki da hankali ba ciwo ba ne, dama wata biyu zuwa uku suke yi. Taki ki dakata sai sabuwar saiwa ta leƙo da koren baki, sannan ki ba shi na ruwa, kashi ɗaya cikin huɗu na abin da aka rubuta a kwalba. Bana kar ki sa ran fure, ganye ɗaya ko biyu yake yi a shekara, kuma tsoffin da suka yanƙwane ba lallai su miƙe ba. In kin zare shi ki ɗauko mana hoton saiwar kafin ki yanke, a taya ki tantancewa.