Zuwa Alkahira ke kaɗai a watan Yuli

'Yar'uwa, kin tambaya ko mace za ta iya zuwa Alkahira ita kaɗai a watan Yuli, da abin da za ta ci. Za ki iya, in sha Allahu. Sai dai lokacin da muke tsakiyar damina a Zariya, can ko ɗigon ruwa babu, zafi na kai digiri 35. Ki huta da rana, bayan Magariba gari ke cika, har da yara.

Ki nemi koshari: shinkafa da taliya da ƙananan wake, a zuba miyar tumatir da soyayyar albasa. Ga araha ga ƙoshi. Ruwan rakensu kuwa, wallahi kullum sai na sha, yana tuna min gida. Jirgin ƙasan cikin gari yana da taragon mata zalla, shi nake hawa.