Tsiron burokoli da shan zaƙi: shin yana kashe illar sukari?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Maigidana yana da ciwon suga kusan shekara shida, yana kuma shan maganin suga mai suna metformin, amma ya kasa rabuwa da lemon kwalba da shayi mai kauri. Kwanaki ɗanmu ya turo masa wani bidiyo da ake cewa idan mutum ya ci tsiron burokoli kafin ya sha zaƙi, jikinsa zai karɓi insulin (sinadarin da ke daidaita sukari a jini) sosai kuma kumburin da sukari ke haddasawa ba zai same shi ba. Yanzu ya dage sai na nemo irin na shuka masa. Ina neman gaskiyar wannan magana. (Daga wata mai karatu a Zariya)

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah Ya ba maigida lafiya. Maganar tana da tushe, sai dai masu bidiyon sun ɗora mata kayan da ba za ta iya ɗauka ba.

Burokoli ganye ne ɗan gidan su kabeji, ana kuma noma shi a yankin Jos. Abin da ya ja hankalin masana gare shi wani sinadari ne da ake kira salfurafen, wanda Paul Talalay da abokan aikinsa na Jami'ar Johns Hopkins da ke Amurka suka bayyana a 1992, sannan a 1997 suka nuna cewa tsiron da ya kwana uku da fitowa yana ɗauke da mafarin wannan sinadari fiye da burokolin da ya nuna, ninki goma har zuwa ɗari. Salfurafen ba ya zaune a shirye cikin ganyen. Sai an tauna ko an yanka shi wasu sinadarai biyu da ke rabe su haɗu su haife shi, kuma dafuwa mai tsanani tana kashe ɗaya daga cikinsu. Idan ya shiga jiki yakan tayar da garkuwar da ƙwayoyin halitta ke kare kansu da ita, ya kuma rage kumburin nan na ɓoye wanda ba a gani a fata, irin wanda ƙiba da yawan sukari ke rurawa har jiki ya daina jin kiran insulin yadda ya kamata.

An gwada shi a jikin mutane, kuma a nan ne ya kamata ki natsu. A Tehran ta ƙasar Iran, a wani bincike da aka wallafa a 2012, an ba masu ciwon suga garin tsiron giram 10 a kullum har mako huɗu, aka ga alamar taurin kan jiki ga insulin ta ragu. A Siwidin kuma, a 2017, Anders Rosengren da tawagarsa suka gwada tataccen sinadarin a wani bincike na marasa lafiya kusan ɗari na tsawon mako 12, suka gano cewa yana rage sukarin da hanta ke zubawa cikin jini. Amfanin ya fito ne a wajen masu ƙiba waɗanda sukarinsu ya ƙi daidaita, inda sukarin safe kafin karin kumallo ya sauka da kimanin kashi 10 cikin ɗari. Yawancinsu suna kan metformin kamar maigidanki, kuma ba a ce su ajiye shi ba. Abin da aka ba su kuwa mai ƙarfi ne ƙwarai, domin kafin mutum ya samu kwatankwacinsa daga burokolin kasuwa sai ya ci kilo da yawa a rana guda.

To, ki dubi bambancin. Waɗannan mutane sun yi makonni suna shan abin a kullum, aka kuma auna sukarinsu na safe. Ba a ba su lemo bayan cokali biyu na tsiro aka ce illarsa ta gushe ba. Ƙaramar kwalbar lemo mai santilita 35 takan ɗauki sukari kimanin giram 35, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar baligi ya tsaya ƙasa da kimanin giram 50 a rana, ta ce ma giram 25 ya fi alheri. Wannan sukarin narkakke ne, cikin mintuna yake shiga jini, kuma babu ganyen da zai tare shi a hanya. Tsorona, wanda na sha ganin irinsa, shi ne maigida ya mayar da tsiron lasisin ƙara kwalba ta biyu.

Idan har kuna son ci, ba zan hana ba, amma akwai haɗarin da bidiyon bai faɗa ba. Ɗumi da laimar da iri ke buƙata kafin ya tsira su ne ƙwayoyin cuta suka fi so, kuma wanki ba ya raba su da shi gaba ɗaya. A 2011 ɗanyen tsiron hulba ya yaɗa wata muguwar cutar gudawa a Jamus, mutane kusan dubu huɗu suka kamu, fiye da hamsin suka rasu. Saboda haka ake gargaɗin masu ciki da ƙananan yara da tsofaffi da masu raunin garkuwar jiki su guji ɗanyen tsiro kowane iri. Haka kuma irin da ake sayarwa manoma sau da yawa an yi masa feshin magani, za ki gan shi da launin ja ko shuɗi, wannan bai dace da ci ba sam.

Abin da ya fi kusa da hannunki shi ne kabeji, wanda ke da dangin wannan sinadari, da zogale, wanda shi ma ke da makamancinsa. Ki riƙa yi masa kwaɗon zogale ko yankakken kabeji ya fara ci kafin tuwo ko shinkafa, domin ganye a farkon abinci yana rage saurin hawan sukari, sannan ya ɗan taka na minti goma sha biyar bayan ya ci. Ya ci gaba da metformin ɗinsa, kuma idan kuna da na'urar gwaji a gida, ya auna sukarinsa awa biyu bayan ya sha lemo, wata rana kuma ya auna bayan ya sha ruwa kawai da irin abincin, ya rubuta lambobin biyu ya kai wa likitansa a ranar asibiti.