Ƙanena, fara sauko da sulon Corollar nan tukuna

Wa alaikumus salam ƙanena. Naga saƙonka tun shekaranjiya, aiki ne ya riƙe ni sai yau Lahadi na samu zama, don nan Jamus ranar Lahadi ko kanti ba a buɗewa balle gareji. Abu biyu ka haɗa mani: kana so in nemo maka hanyar zuwa Jamus tunda shekararka shidda a gareji kuma a cewarka babu abinda ya rage maka a injin, sai can ƙasa ka ɗan saƙala maganar Corolla 2006 ta wani malamin makaranta da ta kwana huɗu wajenku can Ƙofar Ƙaura a Katsina, sulo, wato juyin injin in mota na tsaye ba a taka totur ba, ya ƙi sauka, tana juyi 1200 a minti ko ta yi zafi, ka canza filogi, ka wanke totur bodi sai ma ta haye 1700, yanzu kuna shirin aikawa Ƙofar Ruwa a Kano a sawo wani totur bodin ɗan Beljiyam. Wallahi sai da na yi dariya, ba ta raini ba, kaina na tuna.

Satin farko da na fara gwaji a garejin da nake, aka kawo wata tsohuwar Golf sulo na sama. Ni da rawar jiki na ɗauko sukudireba ina laluben sukurun da zan murɗa irin yadda muka saba da kafireta. Maigidan ya tsaya kaina hannu cikin aljihu yace ruwan injin digiri nawa yake? Nace ai ya yi zafi. Yace nawa? Na yi tsuru. Ya jona kwamfuta ya juyo mani fuskarta, injin da ba ka iya ɗora hannu kanshi amma sensa na gaya ma biren boks, wato ƙwaƙwalwar motar, wai har yanzu da sanyi. Ɗan ƙaramin sensa aka canza, minti goma ba a yi ba. Ranar ko abincin rana kasa ci na yi.

To kar ku aika Kano tukuna, kuɗin malamin nan albashi ne.

Fara da abinda nake zargi, don na san halinmu: tamostat na cikin motar kuwa? Rabin motocin da na taɓa aiki kansu a Katsina an cire shi an yar, an kuma haɗa fanka dairek, wai motar Turai ce ba ta son zafinmu. Na Toyota sai ruwa ya kai wajen digiri 82 yake fara buɗewa, aikinshi kenan ya bar injin ya yi zafi da wuri. In babu shi ruwa na ta zagawa lagireto, fanka na ta kaɗawa, musamman yanzu da hunturu, injin ba ya kaiwa zafin aikinshi, biren boks kuma ya ci gaba da ɗaga sulo yana ƙara mai kamar yanzu aka tada ta da asuba. Da safe mota ta tashi a 1200 ko 1500 ba laifi bane, haka aka yi ta, amma in ta yi zafi ya kamata ta zauna wajen 700 in ba a kunna AC ba.

Ka nemi ɗan sikanan nan ELM327 da ake haɗawa da waya, ba shi da tsada, soket ɗin da ake jona shi na ƙarƙashin sitiyari. Kuma kar ka tsaya wajen karanta kod ka goge kamar yadda masu sikana na bakin titi ke yi su amshi kuɗi, ka shiga inda lambobi ke motsi injin na aiki. Da sassafe kafin a tada ta ka duba zafin ruwa da zafin iskar da ke shiga, motar da ta kwana a ajiye dole su biyun su zo kusa da juna. In ɗaya na cewa 20 ɗaya na cewa 2, sensa na ƙarya. In kaga -40 waya ce ta tsinke ko soket ya fita. Sai ka tada ta ka zuba ido, ruwan ya hau 80 da wani abu ko ya maƙale a 60? In ta fito da P0128 ma ta gama gaya maka, tamostat ne.

In zafi daidai yake, to iska ce ke shiga ta ɓarauniyar hanya. Duk iskar da injin zai sha ya kamata ta bi ta sensan MAF a auna ta, in tiyo ya tsage bayan shi sai ta shiga ba lissafi. Zafinmu da ƙura suna busar da roba ta yi ƙarfi kamar ƙiraga, kana lanƙwasawa zakaga tsaga. Injin wannan Corollar, in 1ZZ ne, an san shi da gaskit ɗin manifol na iska yana saki. A sikana akwai lambobi biyu, STFT da LTFT, suna nuna yawan man da biren boks ke ƙarawa don ya cike giɓi. Ka haɗa su, in sun wuce +10 a sulo amma ka taka totur zuwa 2500 suka sauko kusa da sifili, ɓarauniyar iska ce ba tantama, sau da yawa da P0171 take zuwa. Nemo wajen kuma ba sai da na'ura ba. Ɗauki filaya ka matse tiyo ɗaya bayan ɗaya, na bustan birki, na bawul ɗin PCV da ke kan murfin injin, da na bawul ɗin da ke kawo tururin fetur daga tanki, wanda ka matse sulo ya faɗi shi ne ɓarawon. Gaskit kuwa sai ka ɗan fesa kabureta kilina gefen manifol kana saurare, in muryar injin ta canza ka kama shi. Kaɗan zaka fesa don Allah, nesa da salansa da koyil, abun nan wuta yake kamawa. Mu nan hayaƙi muke turawa ciki da na'ura mu ga inda zai ɓullo, na ga yara a gida suna haɗa tasu da gwangwani, kuma tana yi.

Tashin da ta yi zuwa 1700 kuwa aikin hannunka ne. In 'yar Amurka ce, daga 2005 totur ɗinta na lantarki ne, babu kebul babu bawul ɗin sulo daban irin na 2003 da 2004. Shekara da shekaru datti na taruwa bakin faifan da ke buɗe hanyar iska cikin totur bodi, biren boks yana ƙara buɗe shi kaɗan kaɗan don iska ta wuce, kai kuma ka wanke tas amma shi bai sani ba, yana nan kan tsohon lissafi. Cire kan batir na 'yan mintoci, maida, bari ta yi zafi sosai, ka kashe AC da fitilu da rediyo ta zauna a sulo kamar minti goma, sannan ka ɗan zaga da ita hanyar Batagarawa ka dawo. Kuma ka daina tura faifan nan da yatsa makulli na kunne. Af, ka leƙa ƙarƙashin feda ma, na taɓa ganin kafet ya riƙe totur an kwana ana kwance injin.

Maganar tafiya yanzu. Shekara shiddan nan taka gaskiya ce, hannunka ya faɗa, amma ba ka da takarda ko ɗaya, nan kuma takarda suke fara tambaya. Hanyar da na sani mai kyau ita ce koyon sana'a da suke kira Ausbildung, na kanikancin mota shekara ukku da rabi ne, wasu ranaku kana gareji wasu kana aji, ana ba ka ɗan alawus wanda haya ke cinye mafi yawanshi. Yawanci sai wani gareji ya ba ka kwantiragi kafin ka nemi biza, kuma galibi ana son Jamusanci matakin B1, Goethe na Legas na yin jarabawar. Ajin nan da Jamusanci zalla ake yinshi, ga lissafi ga zanen wayarin, ni shi ya fi ba ni wuya fiye da sanyi. Ka yi ƙoƙari ka samu ko Trade Test ne ko NABTEB, ka kuma sa maigidanka ya rubuta maka shaidar shekarun da ka yi.

Wanda yace maka ka bi ta Kwangwalam zuwa Damagaram da Agadas in ka iso sai a san yadda za a yi, ka rabu da shi. Ko Allah ya tsallakar da kai hamada da teku, babu garejin da zai ba ka sifana ba ka da izinin aiki, don duk motar da ta fita hannunsu sunansu ke kanta, ga binciken lafiyar mota duk shekara biyu har da auna hayaƙi. Ina ganin 'yan uwanmu kanikawa masu hannu suna zaune a sansani wata da watanni ba abin yi. Kar ka sa Inna cikin wannan tashin hankali.

Gobe da safe kafin rana ta fito ka ɗauko mani hoton fuskar sikana sau biyu, kafin a tada ta da kuma bayan minti ashirin: zafin ruwa, zafin iska, STFT da LTFT, da abinda MAF ke nunawa, a sulo ya kamata ya zauna wajen giram 2 a sakan. Rubuta mani abinda kai kake zato kafin in faɗi nawa. Ka gaida maigida da kyau, kace mashi har yanzu ina riƙe da sifana goman da na aro.